Jinin da ake kai wa malam, ba a kai wa likita

Macen Garwa, a nan arewacin Kamaru, idan ta haura shekara 40 jininta ya fara rikicewa, ba likita ne ke fara jin labari ba, kai ko mijinta ma sai daga baya. Malamin unguwa ne ko malamar Islamiyya, su ɗin ma a kaikaice, da sunan "wata ƙawata ce ta ce in tambaya mata". Tambayar kuwa kullum ɗaya ce: yaushe zan yi wanka in koma salla, kuma azumi nawa ke kaina? Ina koyar da matan aure a wata makaranta nan cikin unguwar Hausari, kuma wannan tambaya ba ta yanke mini, balle in Sha'aban ya kama kowa na lissafin ramuwa. Abin da na tsaya a kai shi ne, amsar da muke ba su daidai take a fiƙihu, amma rabi ce. Wanda ya ba mace rabin amsa ya sallame ta tana ganin ta sami duka, akwai alhakinta a wuyansa, namiji ne shi ko mace.

Rabin da muke bayarwa kowa ya san shi, tun daga Ahalari muka haddace. Wadda ta saba da kwanakinta, in jini ya zarce, sai ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta matuƙar ba za ta wuce kwana 15 ba. Abin da ya haura nan istihala ce: ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, an so ta sabunta alwala a kowace salla. In kuwa jinin yana zuwa yana ɗaukewa, ta tattara kwanakin da ta gan shi har su cika al'adarta. Wannan hukunci rahama ne, don ba a bar mace ta yi wata guda ba ta kai goshinta ƙasa ba. Sai dai tambayar ibada kaɗai ya amsa. Bai faɗi dalilin da ya sa mai kwana 5 ta koma mai kwana 12 ba, kuma ba aikinsa ba ne ya faɗa. Lokacin da Faɗima 'yar Abu Hubaish ta kai wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kukan cewa jini ba ya yanke mata, ya ce mata wannan jijiya ce, ba haila ba ce. An raba mata abu biyu ke nan, ga al'ada ga larurar jiki. Mu kuwa muka ɗauki hukuncin sallar, larurar muka bar ta a inda take.

Yawancin fargabar da ke cin mata a wannan shekaru daga rashin sanin abin da ke gudana a cikin jiki take. Al'ada ba ta ɗaukewa dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce galibin mata suna dainawa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin a kai can akwai wani zango na rikici da kan ɗauki kimanin shekara 4, wasu har 8 ko fiye. A cikinsa ƙwan da mace ke saki wata-wata ya fara ƙarewa, wani watan a saki, wani watan a tsallake. Sinadarai biyu ne ke juya al'amarin. Istirojin shi ke gina shimfiɗar da ke cikin mahaifa. Furojestaron kuwa, wanda jiki ba ya samar da shi sosai sai an saki ƙwai, shi ke tsayar da ginin ya daidaita shi, har ya zube a kan lokaci. Watan da ba a saki ƙwai ba, mai gini na ta aiki babu mai ce masa ya isa. Kamar katangar ƙasa ce da ake ta ɗora wa yaɓe a kan yaɓe: ranar da za ta saki ba da ɗan gari-gari za ta zubo ba, ɓangare-ɓangare za ta ɓallo. Shi ya sa mace za ta yi wata biyu ko uku shiru, har ta fara zargin ko ciki ne, sai rana ɗaya jini ya ɓalle mata babu ƙaƙƙautawa.

Gudajin da ke firgita mata daga nan suke. Mahaifa tana da nata sinadarin da ke tsinka jini don ya fita a ruwa. In zubar ta yi yawa kuma da sauri, sinadarin ya gaza, sai jinin ya taru ya daskare, musamman in mace ta kwana ko ta daɗe a zaune, tana miƙewa ta ji ya faɗo. Launinsa ja ne mai duhu, shi ya sa za ki ji mace na cewa tsoka take zubarwa, ko hantarta ce ke yankewa. Ba naman jikinta ne ke gutsurewa ba, ba jifa ba ne, ba aljani ne ya aure ta ba. Ƙananan gudaji a rana ta farko ko ta biyu ba abin tashin hankali ba ne. Haka ma zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya mamaye fuska, da gumin dare, da rashin barci, da saurin hasala, duk 'yan rakiyar wannan zango ne. A garinmu dai ba mai lura da su, don cikin Maris da Afrilu zafi na haura maki 40, kowa jiƙe yake.

To amma "ai girma ne ya zo" ba ta rufe komai da komai ba, kuma nan ne nake da magana da 'yan'uwana masu ba da fatawa. Likitoci suna da nasu iyakoki. Gudan jinin da ya kai faɗin kwandalar sefa 100 ko ya fi, yana maimaituwa, abin dubawa ne. Haka jinin da ke jiƙa audugar mata ko ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, a canja ya sake jiƙewa, ko wanda ke tashin mace cikin dare don ta canja. Haka wanda ke dawowa kafin a cika kwana 21, da ɗigon da ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, da wanda ke biyo bayan kwanciyar aure. Sai kuma tsawon kwanaki: a wurin likita, jinin da ya wuce kwana 7 ya yi yawa. Ku duba wannan da kyau. Iyakar likita kwana 7 ce, iyakar littafi tana iya kaiwa kwana 15. A tsakani akwai kwana 8 da mace za ta iya zubar da jini kowane wata, malam ya ce mata haila ce, kuma ya faɗi gaskiya, jikinta kuwa yana ƙarewa a tsaye. Babu saɓani tsakanin malam da likita a nan, kowa tambayar da aka yi masa yake amsawa. Matsalar ita ce ɗaya kawai ake tambaya.

Wata mai tuyar ƙosai da ke cikin ajina, ta girme ni, ta tsaya bayan an tashi har sai da kowa ya fita, sannan ta matso. Ta ce, "Malama, a taimaka a lissafa mini, watan jiya kwana 13 na yi, wannan watan ma ga shi ya zarce." Na ce, "Yaya, kafin lissafi, yaya yake zuwa?" Ta yi shiru, sai ta ɗaga gefen ɗan buhun da take zama a kai, ashe leda ce shimfiɗe a ƙarƙashi. Zani biyu take ɗaurawa, ta bar sa hijabi mai haske, biki da suna ta daina zuwa sai na dole, in ta je kuwa ita ce ta ƙarshen tashi don kada a ga tabarma. Na ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat, tafin hannunta ma haka. Ta ce in ta ɗauko bokitin ƙullu daga injin niƙa sai ta huta a hanya, zuciyarta na bugawa har cikin kunne, kuma ta kamu da kwaɗayin farar ƙasa da taunar ƙanƙara. An ce mata sanyi ne, ta sha jiƙo. An ce shawara ce, ta sha wani. Ranar da ɗanta ya kai ta aka auna jininta, sai da aka ce ya nemo masu ba da jini. Wannan baiwar Allah ta san hukuncin istihala fiye da wasu ɗalibai na ilimi, kuma duk wanda ta tambaya ya ba ta amsa daidai.

Ƙarancin jini dama ya riga ya yi mana katutu. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna kusan mata 4 cikin 10 masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. A awon jini na asibiti, ma'aunin da ake so ga macen da ba ta da ciki shi ne kada ya gaza giram 12. Macen da ta yi haihuwa shida ko bakwai, ta shayar, zazzaɓin cizon sauro na kayar da ita kowace damina, da me za ta shiga wannan zango? Rumbunta dama a ƙasa yake. Kuma saboda jinin a hankali yake raguwa, jiki na sabawa, mace na ganin kasala ce ta tsufa. Ga azumin 'yan shekarun nan da ya faɗo cikin tsananin zafi, ga ramuwar kwana goma sha wani abu tana jiran ta bayan salla.

Babban abin da ke ɓoye a bayan irin wannan zubar jini a wurinmu shi ne ƙarin mahaifa, wanda a asibiti za ki ji suna cewa fibrom. Tsiro ne na tsokar mahaifa, ba sankara ba ne, kuma ya fi kama baƙar fata: wani bincike da aka yi a Amurka ya gano cewa kafin su cika shekara 50, fiye da mata baƙaƙe 8 cikin 10 suna da shi, ko da yake da yawa ba ya damun su. Wanda ya tsiro ta cikin mahaifa shi ke kawo jini mai yawa da manyan gudaji. Wani kuwa girma yake yi har ciki ya fito, mace ta riƙa jin nauyi da yawan fitsari. Daga nan sai a ce mata ciki ne ya kwanta. Na san wadda ta shekara da shekaru tana renon kwantaccen ciki, ana ba ta rubutu da sassaƙe don ya tashi, duk jinin da ta gani a ce cikin ne ke "wanka". Ba zan shiga abin da malaman mazhaba suka faɗa a kan tsawon zaman ciki ba, wannan magana ce ta idda da nasaba, tana da masu ita. Abin da na sani shi ne yau akwai hoton ciki, eko ɗin nan da kowace mai juna biyu ta sani, cikin 'yan mintoci zai nuna ɗa ne ko ƙari. Wanda ke da hanyar gani da ido ba shi da uzurin yin shekaru yana hasashe.

Akasin haka ma na faruwa. Mace mai shekara 44 ta yi wata biyu ba ta ga jini ba, ta ce shi ke nan ya tafi, ashe ciki ne na gaske, abin da take kira gudaji kuwa ɓari ne. In cikin ya zauna a wajen mahaifa, ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya da jiri na iya zama maganar rai da mutuwa cikin sa'o'i. Muddin al'ada na leƙowa ko da jefi-jefi ne, ana iya ɗaukar ciki. Likitoci na cewa wadda ba ta kai 50 ba ta ɗauka tana iya samun ciki har sai ta yi shekara 2 babu jini, wadda ta haura 50 kuwa shekara 1. Masu allurar tazarar haihuwa ko ɗan ashanan da ake sawa a dantse su ma su faɗa wa likita, don su kansu suna rikita jini.

Sai wadda ba ma son kiran sunanta. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Kamaru, bayan ta mama, kuma shekarun da ta fi bayyana su ne waɗannan dai da ake cewa girma ne. Alamarta ta farko sau da yawa ɗigon jini ne bayan kwanciya, ko wani ruwa mai wari. Ƙwayar cutar da ke haddasa ta tana ɗaukar shekaru 10 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma a tsakanin nan ana iya ganin wurin da ya fara canjawa da gwaji mai sauƙi, a shafa ruwan binega a bakin mahaifa a duba, a ƙone wurin ko a daskarar da shi tun bai zama komai ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada mata 70 cikin 100 kafin shekara 35, a sake kafin 45. A shekarar ce kuma Kamaru ta shigar da rigakafin wannan ƙwaya ga 'yan mata masu shekara 9, muka tarbe shi da jita-jitar cewa ana so a hana 'ya'yanmu haihuwa. In na tambayi aji wa aka taɓa duba wa bakin mahaifa ba don haihuwa ba, kallon juna ake yi. In kuwa cutar ta yi nisa, magana ta koma ta gangarawa kudu: mota zuwa Ngawundere, kwanan jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wataƙila har Duwala, da kuɗin masauki da na mai jinya. Gidaje nawa ne a Yelwa ko Hausari za su iya?

Wani abu kuma da ya shafe mu mu mutanen bakin ruwa: tsargiya. Mun ɗauke ta cutar yara maza masu fitsarin jini, alhali macen da ta tashi tana wanki da wanka a Binuwai, ko wajen madatsar Lagdo, ko gonakin shinkafar Yagwa da Maga, ƙwan tsutsar na iya zama a bakin mahaifarta ya riƙa sa ta ɗigon jini da ciwo. Ta faɗa wa mai duba ta inda ta girma.

Yanzu ga inda nake ganin hukuma ta gaza. Tun 2015 aka kawo mana takardar nan ta masu juna biyu, cek sante, a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Da sefa 6,000 mace za ta yi awo, a yi mata eko, ta haihu ko da tiyata ce, a kula da ita da jaririnta har kwana 42. Abin a yaba ne, na ga matan da ya ceta. Shirin lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a 2023 shi ma da masu ciki da ƙananan yara ya fara. Amma a lura da abin da wannan tsari ke faɗa wa mace: mahaifarki abin kulawarmu ce muddin akwai ɗa a ciki. Ranar da ta gama haihuwa, ita da wannan mahaifa da ta ba ƙasa mutum bakwai sai su koma su ji da kansu. Na'urar eko ɗin da ta duba ta a ƙarƙashin cek sante tana da shekara 35, ita ce za a ce ta biya kuɗin cefanen kwana da kwanaki tana da 46.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kuɗi kaɗan ne, kuma mutuwa wurin haihuwa ta fi gaggawa. Gaskiya ne, a 2011 ana rasa mata 782 cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar nan, zuwa 2018 ya sauko ƙasa da 500, kuma har yanzu da sauran aiki. Ban ce a ɗebe daga can a kawo nan ba. Abin da nake nema ƙarami ne: ziyara ɗaya mai rangwame ga duk macen da ta kai 40, a auna yawan jininta, a duba bakin mahaifa, a yi eko in da dalili. Ungozomomin asibitin da ke awon ciki su ne dai za su yi, ɗakin shi ne dai ɗakin. Ledar jini ɗaya da tiyatar gaggawa sun fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Kowace shekara ranar 8 ga Maris muna ɗinka atamfa iri ɗaya mu yi fareti a rana, a yi jawabi a kan darajar mace. Ranar 18 ga Oktoba kuwa, da duniya ta ware don maganar ɗaukewar al'ada, takan wuce ba wanda ya ce uffan.

Akwai wata amsar da ta fi wannan nauyi a wurina, ita ce ta mata da kansu: "In na je za su ce a cire mini mahaifa." Wannan tsoro yana da tushe, don akwai masu saurin kai wuƙa, kuma akwai inda za a rubuta wa mace gwaji bakwai alhali biyu sun isa. Mace na da haƙƙin ta tambayi dalilin kowane gwaji, ta kuma nemi ra'ayin likita na biyu kafin a yanka ta. Sai dai yawancin masu wannan matsala ba sa bukatar tiyata. Akwai ƙwayar taranizamik da ake sha a kwanakin zubar kawai, tana rage jinin sosai, ko da yake ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Akwai ƙwayoyin furojestaron da ke mayar da abin da jiki ya rasa. Akwai ɗan robar da ake sawa cikin mahaifa mai sakin sinadarin a hankali na tsawon shekaru, wanda ya sha bamban da mai jan ƙarfe da ke ƙara jini. Shi kansa fibrom yakan motse bayan al'ada ta ɗauke, don haka wadda ta kusa ƙarasawa sau da yawa lallaɓawa kawai ake yi har ta haye. Abin da ke kai mata ga wuƙa shi ne jinkiri, da maganin kan tire. Mace na ciwon mara ta aiki yaro ya sayo mata asfirin, ba ta san shi ke ƙara tsinka jinin ba.

Ƙwayar ƙarin jini kuwa a sha ta wata 3 ko yadda aka rubuta, kada a yar don bayan gida ya yi baƙi, haka take yi. Kuma a raba ta da shayi. Mu nan ba a gama cin abinci sai an ɗora buta, shayi kuwa yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Hanta, kifi, wake da zogale suna taimakawa, in an haɗa da lemo ko goba ko kwalba da nono ta garin kuka ya fi, amma abinci kaɗai ba ya cike gurbin jinin da ke zuba kowane wata in ba a tsayar da zubar ba.

Mazajen ma da nasu kason. Mace da yawa tana ɓoye wa maigida wannan larura ne don faɗinta tamkar sanarwa ce cewa haihuwa ta ƙare, ita kuwa ta san abin da ke biyo bayan wannan sanarwa a gidaje da yawa. Ga kwana 12 ko 13 a wata da ba ta da tsarki, ga gori in akwai abokiyar zama. Sai ta zaɓi ta yi shiru ta ci gaba da wanke tsummoki cikin dare tana shanyawa a bayan ɗaki. Alhaji, matar da ta haifa maka 'ya'yan da ake kiran ka da sunansu, in ka ga ta fara haki daga tsakar gida zuwa madafa, leɓenta ya yi fari, ba lalaci ba ne. Ka ɗauke ta a babur ɗin nan ka kai ta, kuma kada ka tsaya a ƙofa kana cewa namiji ba zai duba ta ba. Ka nemi mace in akwai, in babu, larura ce, malamai ma sun san hukuncinta.

Wani zai ce irin wannan magana ba ta dace da intanet ba, kunya ta hana. Hamnatu 'yar Jahshi ta je gaban Manzon Allah ta ce jininta mai yawa ne mai tsanani, ya ce ta yi amfani da auduga, ta ce ya fi ƙarfin haka, kuma malaman hadisi suka rubuta zancen muna karantawa har yau. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyarmu ba ta fi tasu ba.

Don haka abin da nake roƙon malamai maza da mata, tun da mu ake fara zuwa wa, bai fi ƙarin tambaya biyu da jumla ɗaya ba. Shekarunki nawa, kuma yaya yawansa? Sannan bayan an faɗi hukunci a ce: wannan na salla ne, na jiki kuma ki je a auna ki. Masu amsa tambayoyi a rediyo da zaurukan WhatsApp sun fi kowa bukatar wannan, don mace ɗaya ke tambaya ɗari na saurare. Abin da zai sauƙaƙa aikin ma yana hannunmu. Macen da ke tattara kwanakin jininta don ta san ranar wanka ta riga ta yi lissafin da likita ke nema. Ta dai rubuta shi a bayan littafinta na makaranta, ranar da ya zo, ranar da ya ɗauke, sau nawa ta canja, da girman gudan, ta tafi da shi.

Wadda ta riga ta yi wata 12 babu jini sannan ya dawo, tata maganar daban ce, kuma ita ce ta fi damuna, don a nan ne ake yi wa mace barkwanci a ce Gwaggo yarinta ta dawo. Malaman Malikiyya sun ce jinin wadda ke tsakanin shekara 50 da 70 a tambayi mata masana a kansa, su faɗa ko haila ce. A yau cikin matan da suka san wannan akwai ungozomar asibiti da likitar mata, su ne ke da abin dubawa. Yawancin lokaci za a tarar fatar wurin ce ta yi siriri saboda ƙarancin istirojin, ko wani ɗan tsiro ne da ake cirewa cikin sauƙi. Amma kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jini sankarar cikin mahaifa ce ke gare su, kuma masu ƙiba da masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Ko ɗigo ɗaya ne, ko sau ɗaya ne ya zo ya ɗauke, ba a jiran a ga ko zai sake dawowa, a cikin makon ake zuwa. Irin wannan sankara in an kama ta tana cikin mahaifa ba ta fita ba, tiyata kaɗai kan warkar da mafi yawan masu ita.